Daga Tahrir zuwa gindin Ƙal'a: yawo a manyan dandalolin Alƙahira

A Alƙahira ba a cika yi wa baƙo kwatance da sunan titi ba. Da "midan" ake yi, wato dandali. Direbobin ƙananan motocin haya na leƙo kai ta taga suna kiran Ramsis, Ataba, Tahrir, Sayyida A'isha, duk sunayen dandaloli ne. Wanda ya riƙe biyar ko shida daga cikinsu zai yi wuya ya ɓata a tsakiyar birnin, duk da cewa shi da kewayensa sun tara mutane sama da miliyan 20.

Sai dai kada kalmar dandali ta sa mai karatu ya zaci wani fili ne mai inuwa da benci inda dattawa ke hira bayan la'asar. Yawancinsu shataletale ne da motoci suka cinye. Abin da ya sa suka cancanci a taka a je shi ne labarin da ke kansu: kusan kowane mai mulki da Masar ta yi ya buɗe nasa fili, ko ya sauya wa na wanda ya gabace shi suna, ko ya ɗauke mutum-mutumin da ya tarar ya kafa wani. Talakawa kuma suna da nasu lissafin game da wanda ya mallaki filin. Wannan ja-in-ja har gobe bai ƙare ba, kuma ya shafi har baƙon da ya zo da wayarsa don ɗaukar hoto kawai.

Tahrir, dandalin da kowa ya sani

Daga nan kowa ke farawa. Tashar jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da ke wurin sunanta Sadat, kana haurowa daga matakala sai ka gan ka a bakin filin. Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne wani dogon ginshiƙin dutse mai tsini a tsakiyar shataletale, na zamanin Fir'auna Ramsis na Biyu, da gumaka huɗu masu jikin zaki da kan rago kewaye da shi. Mutum zai ɗauka sun daɗe a wurin. Ina! A shekarar 2020 aka kafa su. Ginshiƙin daga San al-Hajar aka kawo shi, can yankin da Kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, gumakan kuma daga Karnak da ke Luksor. Masana kayan tarihi da yawa sun yi ta ƙorafi a lokacin cewa hayaƙin motoci zai lalata su, gwamnati ba ta saurara ba.

Asalin sunan wurin Midan Isma'iliyya, don Khidewi Isma'il da ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879. Khidewi laƙabi ne na sarakunan Masar a lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi na Santambul. Isma'il ya je baje kolin birnin Paris a 1867, ya ga faffaɗan tituna da shataletale, ya dawo da niyyar sai ya gina irinsu kafin bikin buɗe mashigin ruwa na Suwez a 1869. Ya gina ɗin kuwa, amma da bashi. Bashin nan ya ci kujerarsa a 1879, bayan shekara uku kuma sojojin Ingila suka shigo suka zauna. Barikinsu na Ƙasrun Nil a gefen wannan fili yake, tsakaninsa da kogi, kuma ba su bar shi ba sai 1947. Inda barikin yake a da, yanzu akwai hedkwatar Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa da wani babban otal. Bayan da sojoji suka kifar da Sarki Faruƙ a 1952 ne sunan Tahrir, wato 'yantarwa, ya zama na hukuma.

Akwai wani ɗan labari da nake so game da filin. A zamanin Faruƙ an kafa dakalin dutse a tsakiya don a ɗora mutum-mutumin kakansa Isma'il. Kafin a ɗora, mulki ya faɗi. Dakalin ya zauna shekara da shekaru babu kowa a kansa, har aka zo aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa aka kawar da shi.

Ta arewa akwai jan ginin gidan adana kayan tarihi na Masar, wanda aka buɗe a 1902. Har yanzu ya cancanci a shiga, ko da yake manyan baƙinsa sun tashi. A daren 3 ga Afrilu 2021 aka kwashe gawarwakin sarakunan dā guda 22, maza 18 mata 4, aka zagaya da su filin cikin motoci na musamman da kiɗa da fitilu, aka kai su wani sabon gida a Fusɗaɗ. Kayan Tutankamun kuma sun koma katafaren gidan tarihin da aka gina kusa da dalar Giza.

Ta kudu kuwa akwai ginin da duk tsohon ɗalibin Azhar daga ƙasashenmu ya sani fiye da gidan tarihin: Mugamma. Wani jibgegen bene ne mai lanƙwasa kamar baka, an gama shi a farkon shekarun 1950, aka tara ofisoshin gwamnati barkatai a ciki. Nan ne baƙi ke zuwa sabunta iƙama, takardar izinin zama. Layi, taga, hatimi, sai kuma a ce ka dawo gobe. Misirawa da kansu sun mai da shi abin barkwanci, har Adil Imam ya fito a wani fim na 1992, "Al-Irhab wal Kabab", inda wani uba ya je neman a sauya wa 'ya'yansa makaranta, aka yi ta yawo da shi tsakanin ofisoshi har ya tsinci kansa riƙe da bindiga da mutanen da ya yi garkuwa da su, da aka tambaye shi buƙatarsa sai ya ce a kawo musu tsire. Ofishin iƙama ya koma Abbasiyya a 2019, daga baya aka kwashe sauran ma'aikatan, aka miƙa ginin ga masu zuba jari su mai da shi otal. Kusa da shi akwai masallacin Umar Makram, wanda aka saba yin jana'izar manyan mutane a cikinsa, da mutum-mutumin shi Umar Makram ɗin da rawaninsa, shugaban sharifai da ya jagoranci mutanen birnin wajen bijire wa sojojin Faransa a zamanin Nafoliyon.

To amma gaskiya ba don waɗannan duniya ta san Tahrir ba. Ranar 25 ga Janairu 2011 matasa suka fito, ranar da ake hutun bikin 'yan sanda, kuma da gangan suka zaɓe ta. Ranar Juma'a 28 ga wata aka yi arangama a kan gadar Ƙasrun Nil, mai zakuna biyu na tagulla a kowane baki, inda aka ga mutane sun yi sahu suna salla motar 'yan sanda na fesa musu ruwa. Ranar 2 ga Fabrairu magoya bayan gwamnati suka afka wa filin a kan dawaki da raƙuma. An ga Kiristoci Ƙibɗawa sun riƙe hannu sun kewaye Musulmi suna salla, hoton da ya zagaya duniya, wanda kuma mu da muke zaune da maƙwabta Kirista gida da gida ba sai an fassara mana shi ba. Kwana 18 aka yi. Ranar Juma'a 11 ga Fabrairu Husni Mubarak ya sauka bayan kusan shekara 30. Kwamitin bincike na gwamnati ya ce mutum 846 ne suka rasu a faɗin ƙasar.

Shekara biyu da 'yan watanni bayan haka, ranar 30 ga Yuni 2013, filin ya sake cika, wannan karon don neman Muhammad Mursi ya sauka, kuma ranar 3 ga Yuli sojoji suka cire shi. A watan Nuwamba na shekarar aka kafa dokar da ta sa zanga-zanga ba izini ta zama laifi. Tashar Sadat kanta sai da aka rufe ta kusan shekara biyu, jirgi ya wuce ba ya tsayawa.

Yau Tahrir ya yi kyau, wannan babu musu. An shuka dabino da zaitun, an yi wa gine-ginen kewaye fenti iri ɗaya, da dare fitilu su haska ko'ina. Amma ka duba da kyau, babu wani abu a tsakiyarsa da zai gaya maka an taɓa yin 2011. Zanen fuskokin waɗanda aka kashe da ke bangon titin Muhammad Mahmud, yawancinsu an shafe ko an rushe bangon. Jami'an tsaro kuwa ga su nan ta kowane gefe, masu kaki da na farin kaya. (A Masar kalmar nan na iya rikita Bahaushe, don 'yan sandansu na titi fararen kaya suke sa wa da bazara, baƙaƙe da hunturu.) A ganina an gyara filin ne don a kalle shi daga cikin mota ko daga tagar otal, ba don a zauna ba. Minti 20 sun ishe ka.

Game da hoto: tun 2022 gwamnati ta ce baƙo na iya ɗaukar hoton kansa a wuraren jama'a da waya ko ƙaramar kyamara ba tare da takarda ba. Amma dokar ta hana ɗaukar yara, ta hana ɗaukar manya ba da yardarsu ba, ta hana abin da ta kira hoton da zai ɓata wa ƙasa suna, kuma jami'in da ke gabanka shi ke fassara wannan. Kada ka saita waya wajen ɗan sanda, soja, ko ginin gwamnati. Ka riƙe fasfonka ko kwafinsa da shafin biza a aljihu, musamman in ɗalibi ne kai.

Ta cikin gari zuwa Ataba

Daga Tahrir ka kama titin Ɗal'at Harb, tafiyar minti biyar za ta kai ka wani ƙaramin dandali mai wannan suna, wanda ni a wurina ya fi Tahrir daɗin tsayawa. Gine-ginen kewaye irin na Faransa ne sak, mutumin da ke tsaye a tsakiya da jar dara a kai shi ne Ɗal'at Harb da ya kafa Bankin Masar a 1920, bankin da aka kafa da jarin 'yan ƙasa zalla a lokacin da Turawa ke riƙe da harkar kuɗi. Shi ma wani ya gada. Da can filin na Sulaiman Basha ne, wani hafsan Faransa da ya musulunta ya gina wa Muhammad Ali rundunar zamani. An ɗauke nasa mutum-mutumin an kai gidan tarihin soja. A bakin filin akwai kantin littattafai na Madbuli da tsohon gidan shayi na Groppi.

Gaba kaɗan sai Midan Opera. Kada ka wahalar da kanka neman gidan waƙar da ya ba shi suna: Isma'il ya gina shi a 1869, gobara ta cinye shi a 1971, aka gina benen ajiye motoci a gurbinsa. Abin da ya rage shi ne Ibrahim Basha a kan doki yana nuni da hannu.

Bayansa kaɗan Ataba take, kuma nan ne birnin Isma'il ya ƙare, tsohuwar Alƙahira ta fara. Ataba kasuwa ce da ta malalo kan titi: takalma, wayoyi, fitilu, agogo, kayan girki, kowa na ihu da lasifika. Ka riƙe aljihunka. Abin da ya kamata ka nema a nan shi ne Sur al-Azbakiyya, jerin rumfunan tsofaffin littattafai a bakin tashar jirgi. Mai neman Risala ko Mukhtasar ko wani tsohon bugu na ƙamus zai iya samu a farashin da bai kai rabin na kanti ba, in ya iya ciniki kuma bai nuna zumuɗi ba.

Husaini da Azhar

A watan Fabrairu 1975 aka shirya jana'izar mawaƙiya Ummu Kulsum a masallacin Umar Makram da ke Tahrir, da manyan gwamnati da tsarin da aka shata. Jama'a suka yi yawan da ba a iya tarewa, suka karɓe makarar daga hannun masu ɗauka, suka bi da ita titi-titi na tsawon sa'o'i har masallacin Husaini, mai nisan kusan kilomita 3. Wannan ya nuna inda zuciyar mutanen birnin take. Gwamnati na da Tahrir, su kuma suna da Husaini.

Dandalin Husaini ba shi da girma. Masallaci ta gefe ɗaya da manyan lemomi irin na Madina a harabarsa, jerin gidajen shayi ta wani gefen, bayansu lungunan kasuwar Khan al-Khalili da ta samo asali tun ƙarni na 14. An kafa hubbaren a 1154 a zamanin Faɗimawa, ginin masallacin na yanzu kuma na shekarun 1870 ne, an sake gyara shi a 2022. Mutanen Masar sun yi imani cewa kan Sayyidina Husaini, jikan Manzon Allah (SAW), yana nan, an kawo shi daga Asƙalan. Malamai sun saɓa a kan haka tun da daɗewa: Ibn Taimiyya ya musanta, wasu sun ce yana Madina, wasu Dimashƙa, wasu Karbala. Mai karatu ya san wannan muhawara, don irinta ake yi a zaurukanmu. Abin da ba a musu a kai shi ne cikar da wurin ke yi. Manoma daga kudancin ƙasar da manyan rigunansu, mata da yara zaune a kan tabarma, 'yan ɗariƙa da tutoci, masu sayar da carbi da turare, Turawa masu yawon buɗe ido, ɗalibai daga Indonesiya da Senegal, duk a fili ɗaya. Lokacin maulidinsa a watan Rabi'us Sani ko wurin sa ƙafa ba ka samu. Da azumi kuwa ana shimfiɗa dogayen tebura na buɗa baki kyauta, "ma'idatur Rahman", kowa ya zo ya zauna ba a tambayarsa daga ina, hira kuma sai sahur.

Shawara: gidajen shayin da ke fuskantar filin na 'yan yawon buɗe ido ne, ka tambayi farashi kafin ka zauna, in ba haka ba takardar kuɗin za ta ɓata maka rai. Fishawi, wanda ya fi kowanne suna, yana cikin lungu, ya haura shekara 200, kuma Najib Mahfuz, marubucin da ya ci kyautar Nobel a 1988, ɗan wannan unguwa ne kuma ya sha zama a ciki. Ka sha shayi da na'ana'a, ko zoɓo, wanda su ke kira karkade. In yunwa ce, ka shiga ciki inda 'yan gari ke ci ka nemi kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, mai arha mai riƙe ciki.

Wani abu kuma da gara a faɗa tun kafin mutum ya je. Baƙar fata a titunan Alƙahira zai ji ana kiransa "samara" ko "shokolata". Wani da wasa yake yi, wani da raini, kuma mata sun fi shan wannan. A wannan unguwa dai abin da sauƙi, don sun saba da mu shekaru ɗaruruwa, kuma in an gan ka da littafi a hannu sai ka ji an ce "ya shaikh".

Dalilin sabon yana tsallaken titi. Ka bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ka fito a ƙofar Azhar, wanda Jauhar, kwamandan Faɗimawa, ya fara ginawa a 970 aka yi sallar farko a 972. A tsohon tsarinsa kowane yanki na duniyar Musulmi na da "riwaƙ", wato sashen kwana da karatu da rabon burodi, kuma a cikinsu akwai na Barnawa da na mutanen Takrur, sunan da Larabawa ke kiran Afirka ta Yamma da shi. Malam Muhammad al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina masanin lissafi da hatimi, a wannan birni ya ƙare rayuwarsa a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar. Saboda haka yaron da ya taso daga zangon Kumasi ko Ngaundere ko Sokode ya zauna a farin tsakar gidan Azhar yana bitar karatu, ba shi ne na farko ba. Shiga kyauta ne, bayan sallar asuba da la'asar kuma akan samu zaman karatu da kowa zai iya zama.

Kafin ka bar unguwar ka leƙa titin Mu'izz ta bayan Khan al-Khalili, wurin da ake kira Bainal Ƙasraini, tsakanin fadoji biyu. Shi ne dandalin Alƙahira na farko, filin faretin halifofin Faɗimawa, wanda marubutan dā suka ce yana ɗaukar soja 10,000. Da daularsu ta faɗi a 1171, waɗanda suka biyo baya suka yi ta gina makarantu da hubbarori a kansa har ya koma titi. Fadojin sun ɓace, sunan ya rage.

Gindin Ƙal'a

Daga Azhar zuwa dandalin Salahuddin ana iya shiga mota, amma wanda ƙafarsa ke da lafiya ya taka, tafiyar kamar rabin sa'a ce kuma babu irinta a birnin. Ka bi ta Guriyya ka fita ta ƙofar Bab Zuwaila, inda Turkawa suka rataye Ɗuman Bay, sarkin Mamluka na ƙarshe, a 1517. Ka ratsa rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, ka shiga Mugarbilin, inda zawiyar Tijjaniyya ta Shehu Muhammad al-Hafiz take, wadda 'yan'uwa da yawa daga ƙasashenmu ba sa barin Masar sai sun ziyarta. Ka ci gaba kudu, lungu na ta matsewa, sai kawai ka ga gari ya buɗe.

A gabanka masallatai biyu ne manya kamar duwatsu, siririyar hanya a tsakaninsu, a sama kuma Ƙal'a, ganuwar da Salahuddin al-Ayyubi ya fara ginawa a 1176, wadda daga cikinta aka mulki Masar kusan shekara 700. Masallatan sun yi kama da tagwaye amma tsakaninsu akwai shekara 500. Na Sultan Hasan an fara shi a 1356, da makarantu huɗu a kusurwoyinsa, ɗaya ga kowace mazhaba, har da tamu ta Malikiyya. Shi ne ke jikin takardar fam 100 ta Masar. Tsayinsa ya zame wa sarakuna matsala, don masu tawaye kan hau rufinsa su yi ta harbin Ƙal'a, har wani sarki ya sa aka rushe matakalarsa. Sultan Hasan kuwa ya gina wa kansa ƙaton hubbare a ciki, aka kashe shi a 1361, ba a ga gawarsa ba, bai kwanta a ciki ba. Na biyun, masallacin Rifa'i, an fara shi a 1869 aka gama a 1912. A ciki Khidewi Isma'il yake kwance, da Sarki Faruƙ da aka kora, da Shah na Iran wanda shi ma aka kora ya rasu a Alƙahira a 1980.

Filin da ke tsakanin masallatan da ganuwa, wanda a da ake kira Rumaila, shi ne dandalin mulki kafin a san da Tahrir. Nan ake kasuwar dawaki, nan ake faretin soja, nan ake zartar da hukunci. Daga nan kuma ayarin Mahmal ke tashi kowace shekara da rigar Ka'aba da aka saƙa a Alƙahira, al'adar da ta ci gaba har farkon shekarun 1960. A 1324 Mansa Musa na Mali, a hanyarsa ta hajji, ya hau wannan Ƙal'a don ganawa da Sultan an-Nasir Muhammad, mahaifin Sultan Hasan. Al-Umari, wanda ya zo birnin bayan shekara 12 ya tattara labarin, ya rubuta cewa Musa ya yi ta kaucewa ganawar don ba ya son al'adar fadar ta sumbatar ƙasa a gaban sarki, da aka matsa masa sai ya ce zai yi sujada ne ga Allah da ya halicce shi. Ya kuma rubuta cewa zinariyar da ayarin ya zubar ta karya farashinta a kasuwa, har lokacin da yake rubutun ba ta farfaɗo ba.

Ka zo nan da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugun dutsen ya koma ruwan zuma, ka tsaya har kiran magariba ya tashi daga hasumiyoyin da ke kewaye. Masallatan biyu ana sayen tikiti ga mai yawon kallo. Ɗan gaba kaɗan ta kudu akwai Sayyida A'isha da makabartar Ƙarafa inda Imam Shafi'i yake. Tun 2020 ake rusa sassan makabartar don faɗaɗa tituna da gina gadoji, iyalai da yawa sun kwashe ƙasusuwan iyayensu, masana tarihi kuma na ta kuka.

Biyu da ba a kai baƙi

Akwai dandaloli biyu da babu mai yi wa baƙi jagora da zai sa su a jerinsa, amma ya kamata mai karatu ya san su. Na farko yana Madinat Nasr, gabashin birnin, kusa da sabon harabar Jami'ar Azhar da unguwannin da ɗalibanmu da yawa ke haya, don haka za ka wuce ta wurin ko ba ka yi niyya ba. Shi ne Rabi'atul Adawiyya. Magoya bayan Mursi sun yi zaman dirshan a nan kusan mako shida bayan cire shi. Ranar 14 ga Agusta 2013 jami'an tsaro suka tarwatsa su. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 817 aka kashe a filin a rana ɗaya. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta gwamnati ta ce sun haura 600, gwamnati kuma ta dage cewa akwai masu makamai a cikin taron. A 2015 aka sauya wa filin suna zuwa Hisham Barakat, babban mai gabatar da ƙara da aka kashe da bam a shekarar. Direbobi har yanzu Rabi'a suke cewa. Alamar yatsu huɗu da aka san taron da ita na iya kai mutum kurkuku a Masar, kada wani ya ɗaga hannu haka a hoto ko da wasa, kuma kada ka buɗe hirar siyasa da direban da ba ka sani ba.

Na biyun yana tsallaken kogi, a Muhandisin: Midan Musɗafa Mahmud, gaban wani masallaci mai wannan suna. A 2005 'yan gudun hijirar Sudan, da mata da ƙananan yara, suka yi wata uku a ɗan lambun da ke wurin, kusa da ofishin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman a duba takardunsu a kai su wata ƙasa. Da asubahin 30 ga Disamba 'yan sanda suka shiga da ruwa da kulake. Mutum fiye da 20 suka mutu, da yawansu yara. Babu allo, babu suna, lambu ne kawai da motoci ke zagayawa.

Ita kuwa gwamnati ta riga ta yi gaba. Tun 2015 ake gina sabon babban birni a cikin hamada, kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira, da bene mafi tsawo a Afirka, da ƙaton masallaci da ƙatuwar majami'a da aka buɗe rana ɗaya a Janairu 2019. Ma'aikatu sun koma can, majalisa ma haka, kuma a can Abdulfattah as-Sisi ya yi rantsuwar wa'adinsa na uku a Afrilu 2024. An yi masa nasa filin, faffaɗa, da sandar tuta da ta haura mita 200, aka sa masa suna Sahatush Sha'ab, wato Dandalin Jama'a. Yawancin ma'aikatan da ke aiki a kewayensa har yanzu a tsohuwar Alƙahira suke kwana, bas ke kawo su da safe ta mai da su da yamma.